Zobe a Gindin Maɗaci

Mata masu tsintar iri ne suka fara gani. Sun shiga tsohon daji da hantsi riƙe da kwandunansu, suka fito a guje babu kwando ko ɗaya, babbarsu tana ta salati. Kafin in iso, rabin ma'aikatan ƙungiya da manoman da ke maƙwabtaka da mu sun riga ni, sun tattake wurin kamar an ci kasuwa an watse. Na sha gaya musu in an yi ɓarna a tsaya daga nesa a kira ni, amma ɗan Adam in bai ɗora ƙafarsa a kan abu ba, gani yake bai gani ba.

An yi wa bishiyoyin maɗaci zobe. Ga wanda bai san aikin daji ba, zobe shi ne a zagaye gindin bishiya da wuƙa sama da ƙasa, a ɗaye ɓawon da ke tsakani. Ba ta faɗuwa, ko yanƙwanewa ba ta yi a ranar. Za ta ci gaba da tsayuwa wata da watanni da ganyenta kore shar, tsuntsaye na sauka a kanta, alhali ta riga ta mutu. Kuma ba kowace bishiya aka taɓa ba, sai waɗanda muke kira iyayen iri, tsofaffin da duk wani tsiro da ƙungiyarmu ta taɓa dasawa daga 'ya'yansu ya fito. Na tsaya a tsakiyarsu iska na kaɗa ganyensu kamar kullum.

Aikina bin sawu. Da can na shanun sata nake bi, har Baba ya ɗauke ni in riƙa bin na masu sare itace da masu ɗana tarko. Baba shi ya kafa ƙungiyar, tun tana ɗaki ɗaya da teburin da aka tokare ƙafarsa da bulo. Aikinta ta sayi daji ko a ba ta kyauta, ta killace shi, ta hana gatari shiga. Yanzu ta girma, tana da dazuzzuka da fadamu a wuraren da ni kaina ban taɓa takawa ba, ga babura, ga sababbin ma'aikata da ban gama riƙe fuskokinsu ba. A makon nan ne kuma Baba zai sauka, ya miƙa ragama ga sabuwar shugaba, wata mai ilimin daji da kwamitin amintattu ya ɗauko daga waje.

An kawo Baba a mota, 'yarsa na riƙe da hannunsa. Ya bi bishiyoyin ɗaya bayan ɗaya yana shafa raunin da tafinsa, hawaye na bin gemunsa, ba wanda ya iya kallonsa. Da ya gama ya juyo gare ni.

“Mai-sawu, ba zan miƙa mabuɗin ofis ba sai ka kawo min sunan wanda ya yi wannan. Da hannuna zan damƙa shi ga hukuma, ko da ɗan cikina ne.”

Kafin ya rufe baki idanu sun koma kan Dogo.

*

Dogo shi ne mataimakin Baba tun ƙungiya ba ta da ko allon suna, kuma mijin ƙanwata ne, uban 'ya'yanta biyar. Kowa ya ɗauka shi zai gaji kujerar, sai kwamiti ya tsallake shi, wai zamani ya canja, ana son wanda zai iya zama da masu ba da tallafi. Bai ce uffan ba a lokacin. Amma da sabuwar shugaba ta sa aka shafa wa iyayen iri jan fenti don sababbin ma'aikata su riƙa gane su, Dogo ya shiga ofishinta ya ɗaga murya har masu shara suka ji. Ya ce a goge fentin nan, ta tambaye shi dalili ya ƙi faɗa, ya buga ƙofa ya fita. To yanzu ga shi bishiyoyin da ta sa aka yi wa fenti su aka kashe. Kashe bishiya a dajin da aka killace ɗauri ne, ba tara ba. Ko ni da nake wan matarsa, sai da na zarge shi.

Duk da haka na fara da mai gawayin da ke bayan shingenmu, don zobe sana'arsu ce: su kashe bishiya a tsaye, ta bushe, su dawo su rantse matacciya suka tarar. Na same shi yana ɗinke bakin buhu, baƙi ƙirin har fatar ido. Da na faɗi abin da ya kawo ni ya yi dariya har da tari, ya ce shi talaka ne amma ba mahaukaci ba, wa zai kashe bishiyoyi a bakin hanyar da masu gadi ke bi safe da yamma, sannan ya zauna jiran su bushe? Ya miƙo min ƙafarsa wai in duba kyauta. Takalmin taya ne a ƙafar, babban yatsa a karkace, sawun da na sani kamar yunwar cikina, kuma na san babu shi a dajin. Da zan tafi ya ce in leƙa cikin gidanmu tukuna, don da ɗan gari akan ci gari.

Masu sassaƙen magani ma na cire su daga zargi. Ɓawon da aka ɗaye yana nan ba a tafi da shi ba, an tattara shi an ɗaure tsaf, an jingina a gindin kowace bishiya.

*

Can ciki, inda 'yan kallo suka yi ƙyuyar zuwa, na sami sawu mai tsabta. Takalmin ƙungiya ne, irin wanda aka raba wa kowa bana, daga mai gadi har direba. Na tsine wa wanda ya kawo shawarar takalmi iri ɗaya, don da can kowa da irin nasa, da kallo ɗaya nakan san wa ya wuce. Ci gaba ke nan, an ce.

Sawun shiga taku ne mai faɗi, dunduniya na nutsewa, tafiyar mai jini a jika wanda ya san inda za shi, ba ya ɓuya, ba ya waige. A gindin kowace bishiya ga gurbin gwiwa ɗaya. Sawun fita kuwa wani abu ne daban. Taku gajere, ƙafa na jan ƙasa, ya karkace, ya tsaya, ya koma baya, ya sake tsayawa, irin tafiyar wanda ya ɓata a dajin da bai taɓa shiga ba. Na ce lallai mutum biyu ne. Na yini ina neman inda na biyun ya shigo da inda na farkon ya fita, ban samu ba. Takalmi ɗaya ne, da tsaga ɗaya a dunduniyar dama. Mai ƙarfi ya shiga, wani rarrauna ya fito a cikin takalminsa. Ni ba matsoraci ba ne, amma ranar ban bari la'asar ta same ni a dajin ba.

A hanyar gida na ba kaina amsar da ba na so. Mutum ya shiga da fushi, ya huce a kan bishiyoyi, nadama ta karya masa gwiwa a hanyar fita. Wannan amsa ta zauna wa Dogo daram kamar an auna shi.

*

Washegari na je wurin sabuwar shugaba. Gaskiya ban shiga da son ta ba, don na ɗauka irin waɗanda suka san daji a kwamfuta ne. Na tarar da hannuwanta duk laka. Tun asuba tana dajin da ma'aikata, suna yanko siraran rassa suna haɗa ɓawon sama da na ƙasa suna ɗaurewa, wai ko Allah zai sa wasu su rayu. Idanunta sun faɗa. Ta ce iyalin da za su ba ƙungiya wata babbar fadama za su zo bikin miƙa ragama, amma ba wannan ne ya hana ta barci ba, abin da ya hana ta shi ne a ce aikinta na farko shi ne tura uban yara gidan yari.

Na gaya mata abin da na karanta a sawu, na fushi da nadama. Ta girgiza kai, ta ce ba ta san sawu ba amma ta san yanka. Kowane zobe daidai gwiwa yake, faɗinsa tafin hannu, babu inda wuƙa ta kauce. Mai fushi sara yake yi, in ji ta, ba ya durƙusawa ya yi aiki mai kyau haka, balle ya tsaya ɗaure ɓawo kamar mai shirin kai wa wani ya duba. Ta fi ni gaskiya.

Sannan ta tambaye ni ko na lura an bar Kaka. Kaka ita ce babbar cikinsu, wadda mutum uku ba sa haɗa hannu a gindinta, rabin irinmu daga gare ta yake. Na ce na gani, na ɗauka gari ne ya waye wa mai ɓarnar. Ta ce ita dai abin da ta sani, fenti ne ya ƙare kafin a kai kanta, ita kaɗai ce a cikin iyayen iri ba ta da ja.

*

Na sami Dogo a tsakar gidansa yana gyara wa autarsa keke. Ya ba ni kujera bai ɗago ba. Na tambaye shi inda yake da asubar ranar, ya ce yana inda Allah ya ajiye shi. Na tambaye shi abin da ya haɗa shi da jan fenti, ya ce launin ne bai yi masa ba. Takalminsa na bakin ƙofa, na juya shi da ƙafa, babu tsaga a dunduniya, kuma ya fi wanda nake nema girma. Ya gan ni sarai, ya ce kada in wahalar da kaina, yana da wani ya jefa a rafi.

“Yaya, ka kai musu sunana kowa ya huta,” ya ce, yana juya tayar keken.

Raina ya ɓaci. Na ce masa na bi sawun ɓarayi iri-iri, ban taɓa ganin wanda yake roƙo a kama shi ba, kuma in shi ya gaji da 'ya'yansa ni ban gaji da su ba. Ya ci gaba da gyaran kekensa.

Ƙanwata ta biyo ni har bakin titi, mayafinta a hannu, fuska ta kumbura da kuka. Ta ce da asubar ranar waya ta tashe su, muryar mace ce tana kuka, Dogo ya fita ko riga bai gama sawa ba. Da ya dawo ya zauna a bakin gado ya daɗe yana kallon bango. Tun ranar ta rasa me za ta fi tsoro, gidan yari ko matar. Ta riƙe min hannun riga ta ce in tuna ni kaɗai ta sani a duniya bayan shi.

*

Na koma wurin Kaka, na durƙusa na duba gindinta da kyau, abin da ya kamata in yi tun farko. Sawun ya zo har jikinta da takunsa mai faɗi. Ya tsaya. Sannan ya zagaye ta a hankali, kusa-kusa, hannu na shafar ɓawo don ga inda gansakuka ta goge. Ya dawo inda ya fara, ya wuce abinsa zuwa ta gaba. Ba gudu ya yi ba, ba tsoro ya ji ba. Wani abu ya nema a jikinta bai samu ba, ya ƙyale ta. Maƙiyin ƙungiya da Kaka zai fara. Wannan ba bishiya yake bi ba, fenti yake bi.

Na tafi lambun reno wurin Iya, tsohuwar da ke cika ledojin tsiro da ƙasa tun kafin a ɗauke ni aiki. Na zauna ina taya ta, na tambaye ta ko ja na da wata ma'ana a da. Ta dube ni kamar na tambaye ta ko ruwa na jiƙa mutum. Ta ce lokacin da aka sami tsohon daji, itacen dogon yaro ya cinye shi, ya shaƙe bishiyoyin asali, shekara da shekaru aikin ƙungiya ke nan kashe shi. Baba ke wucewa gaba da gwangwanin jan fenti, masu wuƙa na binsa a baya. Da yake wasu kan tsaya jin tausayin bishiya mai inuwa, sai ya kafa doka: mai fenti ke yanke hukunci, mai wuƙa ba ya ɗaga kai. Ka ga ja, ka durƙusa, ka yi zobe, ka ɗaure ɓawon ka jingina don a san ka yi. Ta ce shi da kansa ya fi kowa hannu, in ya gama shafa fenti sai ya zaro wuƙarsa ya shiga layi.

Na tambaye ta su wa suka rage a cikin mutanen lokacin. Ta ce ita, da Dogo, da Baba. Hannunta ya tsaya a cikin ƙasa. Can ta ce, da murya ƙasa-ƙasa, kwanakin baya Baba ya biyo ta nan ya ce ta gaya wa mijinta ya daina makara wurin aiki. Mijin nata ya rasu tun 'yarsu ta fari tana goye, Baba ne ma ya riƙe kan makarar.

*

'Yar Baba ta buɗe min ƙofa, tana ganin fuskata ta san ba gaisuwa ta kawo ni ba. Baba na barcin rana. Ta kai ni bayan gida wurin tankin ruwa, ta janyo takalmin daga ƙarƙashinsa da kanta. Ma'aikata ne suka ba shi kyautar ban kwana, shi da bai taɓa sa komai ba sai takalmin fata mai maɗauri. Na juya na dama, ga tsagar.

Ta ce likita ya gaya musu tun bara. Abin yakan zo ya tafi. Yawancin kwanaki Baba ne sosai, sai wata safiya ya tashi yana neman mahaifiyarta da ta rasu, ko ya tambayi inda aka kai kekensa na samartaka. Ita da Dogo kaɗai suka sani, su suka lallaɓa shi ya yarda ya sauka, Dogo ne kuma ya riƙa tare masa duk inda zai yi tuntuɓe a gaban mutane. Da asubar ranar ta farka ta ga ƙofa a buɗe. Ta same shi a bakin daji zaune a kan kututture, hannuwansa jajir da ruwan ɓawo, yana tambayarta ko ta san hanyar gidansu. Ta kira Dogo, suka wanke masa hannu suka kwantar da shi. Da ya farka bai san an yi ba.

“Kawu, kwana kaɗan ya rage ya sauka da mutuncinsa. Ka rufa mana asiri.”

Na tambaye ta, asirin nan da Dogo za a rufe shi? Ta sa kuka. Ni ma kaɗan ya rage in taya ta, don mutumin da ke barci a ɗakin nan shi ya ɗauko ni daga bin shanun mutane ya mai da ni mutum. Na fito ina jin haushin kowa, har da ƙasar da ba ta iya riƙe sirri ba.

Na gaya wa shugaba komai. Ta ce da ta san tarihin ja da ba ta taɓa shi ba, kuma za ta janye maganar hukuma. Amma bakin alƙalami ya kusa bushewa, don Baba da kansa ya riga ya kira 'yan sanda da kwamiti. In na tashi na faɗi sunansa da baki, ba zai yarda ba, kwamiti zai ce sabuwa ta saye ni don ta ɓata tsoho, Dogo kuma zai miƙe ya ce shi ne, a sa masa ankwa a gaban 'ya'yansa. Gaba kura, baya sayaki. Na ce mata a tara kowa a gindin Kaka. Na karɓi sabon gwangwanin fenti daga sito, ban gaya mata abin da zan yi da shi ba, ita ma ba ta tambaya ba.

*

An jera kujeru a inuwar Kaka. Ga 'yan kwamiti, ga shugaba, ga Iya, ga mai gawayi da aka kira ya zo da wankakkiyar riga yana ta zazzare ido. Dogo ya zauna a gefe da 'yar jakar kayansa a ƙarƙashin kujera, ya shirya tafiya. Ƙanwata na tsaye can nesa. Ɗan sanda ya jingina da motarsa a bakin hanya. Baba na tsakiya a cikin farar riga, garau da shi ranar, har yana tsokanar shugaban kwamiti a kan tumbinsa. Kujerarsa na fuskantar gindin bishiyar, inda na shafa jan fenti da sassafe, bai gama bushewa ba. Ban ji daɗin kaina ba, har yau ban ji ba.

Na tashi na yi bayani a hankali. Na wanke mai gawayi, ya yi ajiyar zuciya mai ƙarfi har aka yi dariya. Na wanke masu magani. Na yi maganar takalmi, da zoben da aka yi da kyau, da ɓawon da aka ɗaure. Ina magana ina jan lokaci, idona na kan Baba, rabin zuciyata na roƙon kada abin ya zo. Dogo ya hango fentin, ya dube ni da wani irin kallo da ba zan manta ba, ya yunƙura zai miƙe.

Baba ya riga shi. Ya daina saurarena tun ɗazu, idonsa ya kafe a kan jan. Ya tashi ba tare da dafa kowa ba, kafaɗunsa suka miƙe, ya taka da faɗin takun da na yini ina bi a dajin nan. Ya durƙusa da gwiwa ɗaya, ya zaro 'yar wuƙarsa daga aljihu, ya auna tafin hannu a jikin ɓawon. Wata a cikin 'yan kwamiti ta toshe bakinta da mayafi.

Dogo ya isa gare shi kafin wuƙar ta shiga, ya riƙe masa wuyan hannu a hankali.

“Baba, an tashi daga aiki.”

“Saura ɗaya, Dogo. Sake ni, rana na yi.”

“Wannan ba ta cikin layi, Baba. Duba sama.”

Baba ya ɗaga kai. Ya daɗe yana kallon ganyen. Sannan ya juya ya dubi sauran bishiyoyin da raunukansu a ɗaure, ya dubi wuƙar, ya dubi mu duka ɗaya bayan ɗaya. A gaban idonmu kafaɗun suka sauka, ya koma tsohon da aka kawo a mota. Ya tambayi 'yarsa ko shi ne, ta kawar da kai. Ya juyo gare ni.

“Mai-sawu, ni ne?”

Na ce, “Kai ne, Baba.”

Ya hango jakar da ke ƙarƙashin kujerar Dogo, ya gane abin da take nufi, a nan ne ya fashe da kuka. Ya miƙa hannuwansa biyu wajen ɗan sandan, ya ce ya zo ya yi aikinsa, alkawari ya ɗauka. Ɗan sandan ya cire hularsa ya juya baya yana duba tayar motarsa. Shugaba ce ta durƙusa a gaban Baba, ta ce ita ta sa aka shafa fentin ba ta tambayi na gaba da ita ba, in za a tafi da wani sai a haɗa da ita. Ya lalubo mabuɗin ofis daga aljihu ya sa mata a hannu, ya ce ta riƙe Dogo da kyau, kuma ta nemi wani launi. Ba a yi jawabi ba, ba a tafa ba, kowa ya ɗauki kujerarsa.

*

An ba mu fadamar. Dogo na nan a matsayinsa, shugaba ba ta yanke komai sai ta ji ta bakinsa, amma ni ya daina gaishe ni, ko da yake ƙanwata ta ce zai huce. Wasu daga cikin iyayen iri sun kama, ɓawon ya haɗe. Sauran suna tsaye da ganyensu, ba na son bi ta wurin da yamma.

Nakan je gidan Baba in zauna da shi a baranda. Abin da ya faru a gindin Kaka bai kwana a kansa ba, ya tafi kamar yadda na farkon ya tafi. Amma ranar da aka kawo shi ya shafa raunukan, wannan ta zauna, ita ce ba ta gogewa. Da zarar na gaishe shi sai ya kama hannuna ya matso kusa, ya tambaye ni ko na gano wanda ya kashe masa bishiyoyi. Sau ɗaya na sake gaya masa gaskiya, ya yi kuka sabo fil kamar bai taɓa ji ba, washegari ya sake tambayata. 'Yarsa ta tsaya a bakin ƙofa da tiren shayi tana kallona.

“Ina kan sawu, Baba,” na ce.

Ya jinjina kai, ya ce in yi a hankali in na same shi, kada in bari a dake shi, don duk wanda ya iya zobe mai kyau haka, wani mutumin kirki ne ya koya masa aiki.